Abigail Williams a Hannun Marubuta: Tarken Madogara a Tarihin Shari'ar Maita ta Salem

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da suka fi ba mai rubuta tarihi wahala akwai rubuta tarihin mutumin da sunansa ya game duniya alhali takardun da suka ambace shi ba su taka kara sun karya ba. Shahara tana jawo masu ba da labari, su kuwa masu ba da labari ba sa barin gurbi. Duk inda suka tarar da rami sai su cike shi da abin da ya yi wa kunne daɗi. Wannan sharhi ya shafi irin wannan mutum, wato Abigail Williams, ɗaya daga cikin yara biyun farko da suka ambaci mutane da maita a ƙauyen Salem, cikin yankin Masachusets na Amurka, a shekarar 1692.

Na karanta gajerun maƙalu da dama da aka rubuta a kanta, irin waɗanda ake samu a kundayen sani da littattafan taimakon ɗalibai, har da wata da wani malamin makaranta ya tsara da Hausa ya ba ni in duba masa. Kusan dukkansu ciwo ɗaya ke damunsu. Sun ɗebo abin da shaidun gani da ido suka rubuta a 1692, da abin da wani tsohon magajin garin Salem ya zayyana a 1867, da abin da mai wasan kwaikwayo ya ƙaga a 1953, sun dama a ƙwarya ɗaya, sun miƙa wa mai karatu ba tare da sun nuna masa wanne ne gari wanne ne tsaki ba. Manufata ita ce in bi manyan jimlolin da ake maimaitawa a kanta, in tambayi kowace: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, mene ne nasa a cikin maganar? Duk wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san wannan tambaya. Ba ina haɗa daraja ba ne, ma'aunin kawai nake aro.

Abin da ya faru a taƙaice

A farkon 1692 'yar limamin cocin ƙauyen, Betty Parris, da Abigail da ke zaune a gidan, suka fara faɗuwa suna ihu suna cewa ana mintsininsu ana cizonsu. Ranar 29 ga Fabrairu aka ba da takardar kama mata uku: Sarah Good, da Sarah Osborne, da Tituba, baiwar limamin, Samuel Parris. Washegari majistarori biyu, John Hathorne da Jonathan Corwin, suka fara yi musu tambayoyi a bainar jama'a. Gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman ranar 27 ga Mayu a ƙarƙashin William Stoughton, ya rushe ta a ƙarshen Oktoba. A tsakanin nan an shigar da ƙarar fiye da mutum 140, an rataye 19, mata 14 da maza 5, an danne wani dattijo mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi miƙa wuya a yi masa shari'a, wasu aƙalla biyar kuma suka rasu a kurkuku. Ba a ƙone kowa ba, ko da yake na sha ganin an rubuta haka.

Shekarunta da matsayinta a gidan

Jimlar farko a yawancin maƙalun ita ce ta haihuwa, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Wasu sukan kawo rana da wata da shekara cif-cif. Ba a sami rajistar haihuwarta ba a ko'ina. Abin da ke hannu shi ne ƙiyasin mutum biyu da suka gan ta da idonsu. Deodat Lawson, wanda ya taɓa limancin ƙauyen kafin Parris, ya ce tana da kimanin shekara 12. John Hale, limamin garin Beverly, ya ce kimanin 11. Daga waɗannan ne aka yi lissafi da baya aka kai ga 1680 ko 1681. Aikin mai gyara a nan shi ne ya goge ranar, ya bar kalmar kimanin, ya ambaci mutanen biyu. Kwanan wata mai lamba yana da kwarjini, mai karatu yakan ɗauka ba a kai gare shi ba sai da takarda, don haka ɓarnarsa ta fi ta shiru.

Sai dangantakarta da Parris. Hale ya yi amfani da kalmar Ingilishi da a yau ake fassarawa da 'yar ɗan'uwa ko 'yar 'yar'uwa, Lawson kuwa ya kira ta 'yar dangi kawai. A Ingilishin wancan ƙarni ana iya kiran kowace ƙaramar 'yar dangi da waccan kalma. Marubucin Hausa ya fi na Ingilishi shiga tsaka mai wuya a nan, domin harshenmu yana tilasta masa ya zaɓa: 'yar wansa ce, ko 'yar ƙanwarsa, ko kuwa daga ɓangaren matarsa take? Maƙalar Hausar da na duba ta ce 'yar ƙaninsa, abin da babu takardar da ta faɗa, kuma sunan gidansu ma ya bambanta. Muna da kalmar da ta dace da abin da aka tabbatar ba ƙari ba ragi, ita ce 'yar riƙo. Yarinya ce ta dangi da take zaune a hannunsa. Haka nan kiran ta marainiya zato ne mai ƙarfi, amma zato ne. A wancan zamani iyaye masu rai ma sukan ba da 'ya'yansu riƙo a gidajen da suka fi su hali, kamar yadda muka saba gani a nan.

Alƙalamin wa?

Wannan ne ɓangaren da na fi son malamai su tsaya a kai. Maƙalun sukan ce Abigail ta ce kaza, Abigail ta bayyana kaza, kamar muna da wasiƙarta ko littafin ajiyar sirrinta. Babu jimla ɗaya da ta rage da rubutun hannunta. Duk maganar da aka jingina mata ta biyo ta alƙalamin wani babban namiji, kuma mazan nan ba 'yan kallo ba ne.

Na farkonsu shi ne Parris kansa. Shi ya rubuta shaidunta da dama, kuma kotu ta sa shi ya rubuta yadda aka yi wa wasu waɗanda ake tuhuma tambayoyi. A duba wannan da kyau: mai riƙon yarinyar da ke ƙara, wanda a gidansa abin ya ɓarke, wanda tun Oktoban 1691 kwamitin ƙauyen ya ƙi tara kuɗin albashinsa kuma ana ja-in-ja da shi a kan itacen wuta, shi ne kuma magatakarda. A ƙarshen bayaninsa na tambayoyin da aka yi wa Rebecca Nurse ranar 24 ga Maris ya rubuta da kansa cewa hayaniya ta yi yawa, masu magana sun yi yawa, abubuwa da dama sun kuɓuce masa. Wannan gaskiya ce da ya kamata a yaba masa, kuma ya kamata ta shiga maƙalar, domin tana gaya wa mai karatu iyakar abin da takardar za ta iya ɗauka.

Na biyu shi ne Thomas Putnam, mahaifin Ann Putnam ƙarama, abokiyar ihun Abigail. Sai a 2009, lokacin da Bernard Rosenthal da abokan aikinsa suka fitar da sabon kundin takardun shari'ar mai suna Records of the Salem Witch-Hunt, wanda ya ƙunshi takardu kusan dubu, aka bi rubutun hannu takarda bayan takarda. Binciken ya nuna Putnam ya rubuta fiye da takarda ɗari, yana maimaita jimloli iri ɗaya a bakin shaidu dabam-dabam, kuma a wasu wuraren ya dawo daga baya ya yi ƙari. Wanda ya taɓa aikin ofis ya san abin da wannan yake nufi. Idan shaidu goma suka zo da lafazi ɗaya, akawu ɗaya ka ji sau goma. Maƙalar da har yanzu take dogara da kwafin da aka buga da tafireta a 1938, wanda Paul Boyer da Stephen Nissenbaum suka wallafa a 1977, ba za ta iya nuna wannan ba, domin tafireta takan shafe bambancin hannu da na tawada.

Na uku shi ne Lawson. Daga ɗan littafinsa da ya fito a Boston cikin Afrilun 1692 muka sami siffar Abigail da ta fi kowace fitowa fili. Ya ce da maraicen Asabar, 19 ga Maris, a gidan Parris, ya gan ta tana zagaya ɗaki da hannuwa a buɗe kamar mai son tashi sama, tana cewa tana ganin Rebecca Nurse tana miƙo mata littafi, sa'an nan ta shiga murhu tana watso bakin wuta a tsakar ɗaki. Washegari ta katse shi yana tsakiyar hidimar coci. Wannan shaidar gani da ido ce, an kuma buga ta cikin makonni kaɗan, don haka tana da ƙarfi wajen abin da yarinyar ta aikata. Sai dai Lawson ya zo ƙauyen ne bayan ya ji ana cewa mayu ne suka kashe matarsa da 'yarsa. Mutumin da ya shigo da wannan a zuciyarsa za a karɓi abin da idonsa ya gani, a yi taka-tsantsan da fassarar da ya ba shi.

Har ila yau, littafin zaman kotun kansa ya ɓata. Abin da ya rage shi ne takardun ƙara, da na kamu, da rubutattun shaidu, da bayanin tambayoyin farko. Duk maƙalar da ta kawo doguwar muhawara tsakanin Abigail da alƙali a ranar yanke hukunci, a tambayi marubucin inda ya samo ta.

Akwai wata ɓarna mai sauƙin aukuwa da na lura da ita. A wurare biyu takardun sun ambaci wata yarinya ba tare da suna ba. Wani mai suna Daniel Elliott ya ba da shaida cewa ya ji ɗaya daga cikin yaran tana cewa don wasa suka yi. Robert Calef kuma, a littafinsa da aka buga a Landan a 1700, ya ruwaito cewa a shari'ar Sarah Good wata yarinya ta fito da guntun wuƙa ta ce da shi aka soke ta, sai wani saurayi ya nuna sauran wuƙar ya ce jiya ta karye a hannunsa ya yar da guntun a gabanta. Kotu ta ja mata kunne kawai, aka ci gaba da karɓar shaidarta. Labarai ne masu muhimmanci, suna nuna an yi ƙarya da gangan a wani wuri. Amma wanda ke rubuta tarihin Abigail, hannunsa yakan yi ƙaiƙayin sa sunanta a gurbin. Ba shi da izni.

Labarin madafi

Babu labarin da ya yaɗu kamar wannan: wai a lokacin sanyin 1691 zuwa 1692 'yan matan ƙauyen sun riƙa taruwa a madafin gidan Parris, Tituba tana koya musu duba da tsafin da ta zo da shi daga tsibirin Barbados, har abin ya juye musu. Idan aka bi sawun labarin da baya, sai a iske ya tsaya cak a littafin Charles Upham, Salem Witchcraft, na 1867, shekara 175 bayan aukuwar abin. Upham ya yi limanci, ya yi magajin garin Salem, ya je majalisar tarayya, kuma ya yi aiki tuƙuru a kan filaye da gidajen ƙauyen. Taswirarsa har yau ana amfana da ita. Amma a kan taron madafi bai nuna takarda ba. Marion Starkey ta ɗauko shi a 1949 ta ƙara masa gishiri da yaji, daga nan ya shiga littattafan makaranta.

Abin da takardun zamanin suka ƙunsa abu biyu ne, kuma dabam suke. Na ɗaya, Hale ya ce an ba shi labarin wata daga cikin yaran da ta fasa ƙwai a cikin gilashi don ta ga sana'ar mijin da za ta aura, sai ta ga siffar akwatin gawa. Bai faɗi sunanta ba, bai ambaci Tituba ba, bai ce a gidan Parris aka yi ba, kuma ya bayyana cewa ji ya yi. Na biyu, an yi wata waina da garin hatsi da fitsarin yaran aka bai wa kare don a gano mai kama su. Wannan ya tabbata, domin Parris ya rubuta shi a littafin coci ranar 27 ga Maris. Amma wadda ta ba da shawarar Baturiya ce maƙwabciya, Mary Sibley, camfin kuma na ƙauyukan Ingila ne, an kuma yi shi bayan yaran sun riga sun fara faɗuwa. Upham da magadansa suka ɗinke waɗannan biyu, suka ɗora wa baiwa.

Ita kanta Tituba ta sha sauyin kama a hannun marubuta. Takardun 1692 suna kiran ta Ba'indiya, wato 'yar asalin nahiyar Amurka. A wasan kwaikwayon Longfellow na 1868 ta zama ruwa biyu, a ƙarni na ashirin kuma ta koma baƙar fata tsantsa. Chadwick Hansen ya bi wannan sauyi daki-daki a wata maƙala a 1974. Na tsaya a kan wannan ne domin ya shafe mu: ɗalibinmu da ya karanta cewa tsafin Afirka ne ya tayar da fitinar Salem, an ɗora masa laifin da takarda ba ta ɗora wa kakanninsa ba. Calef ma ya ruwaito cewa Tituba ta ce daga baya ubangidanta ne ya doke ta har ta amsa laifi.

Miller da abin da ya ƙaga

Mafi yawan waɗanda suka san sunan Abigail sun san shi ne ta wasan Arthur Miller, The Crucible, na 1953, ko fim ɗinsa na 1996. A wasan, budurwa ce 'yar shekara 17, ta yi aikatau a gidan John Proctor, ta yi lalata da shi, matarsa Elizabeth ta kore ta, ita kuma ta tayar da fitinar don ta kawar da matar. Ba na zargin Miller da ha'inci. Ya rubuta wasan ne yana hararar farautar 'yan gurguzu ta zamanin Sanata McCarthy, kuma a bayanin da ya sa a farkon littafin ya faɗa a fili cewa ya ƙara wa yarinyar shekaru. Laifin na mai kwashe wasan ne ya zuba a maƙalar tarihi.

Ga abin da takardu suka nuna. Proctor yana da kimanin shekara 60. 'Yar aikin gidansa Mary Warren ce, mai kimanin shekara 20. Babu inda aka ce Abigail ta taɓa zama a gidansa. Labarin cewa an kashe iyayenta a gaban idonta a yaƙin bakin iyaka, shi ma na wasan ne. Wadda aka tabbatar ta rasa dangi da dama a waɗannan yaƙe-yaƙe na yankin Maine ita ce Mercy Lewis, 'yar aikin gidan Putnam, kuma Mary Beth Norton ta gina littafinta na 2002 a kan tasirin yaƙin ga abin da ya faru a Salem.

To daga ina Miller ya samo soyayyar? Ya faɗa da kansa a wani rubutu da ya yi a 1996. A zaman 11 ga Afrilu 1692, Parris ya rubuta cewa Abigail ta dunƙule hannu za ta kai wa Elizabeth Proctor duka, da hannun ya matso sai ya buɗe, ta ɗan taɓa lulluɓin matar a hankali, sa'an nan ta ƙwala ihu tana cewa yatsunta suna ƙuna. A wannan motsin hannu ɗaya Miller ya hango labarin kishi. Basira ce ta mai fasaha, ba na musu. Amma a lura da tsawon igiyar: yarinya ta motsa hannu, Parris ya rubuta, asalin takardar ta ɓata, Thomas Hutchinson ya kwafa a littafin tarihinsa na 1767, Upham ya ɗauko, Miller ya karanta ya yi hasashe. Mai gyara ya ware sashe guda a ƙasan maƙala, ya sa masa kan magana da ke nuna adabi ne, ya kwashe duk wannan ya kai can.

Nauyin kalmar mai zargi

Yawancin maƙalun suna gabatar da ita a matsayin wadda ta jawo mutuwar mutum ashirin. Cewa ta ambaci mutane da dama, kuma sunanta yana cikin takardun tuhumar wasu da aka rataye, wannan ba a ja. Amma yarinya 'yar shekara 11 ba ta shigar da ƙara. Ƙarar farko manyan maza huɗu suka kai: Thomas Putnam, da Edward Putnam, da Joseph Hutchinson, da Thomas Preston. Majistarori suka sa hannu a takardar kamu. Alƙalai suka yarda su karɓi abin da zan kira shaidar kurwa, wato mutum ya ce ya ga siffar wane tana shaƙe shi alhali wanen yana zaune a gidansa. A shari'ar Rebecca Nurse, tsohuwa 'yar shekara 71 wadda maƙwabta 39 suka sa hannu a takardar wanke ta, masu yanke hukunci sun fara cewa ba ta da laifi, Stoughton ya sa suka koma suka sake shawara. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A tawa fahimta, maƙalar da ta ambaci ihun yarinya sau goma ba ta ambaci sa hannun alƙali ko sau ɗaya ba, ta karkace, ko da kowace jimla a cikinta gaskiya ce.

Game da dalilin faɗuwar yaran, an kawo ra'ayoyi da yawa. Wanda ya fi farin jini shi ne na Linnda Caporael, a mujallar Science a 1976, cewa wata cutar hatsi mai kama da burtuntuna ce ta gurɓata musu abinci. Kafin shekarar ta ƙare Nicholas Spanos da Jack Gottlieb suka mayar da martani a mujallar: da haka ne da duk gidan sun kamu, kuma yaran garau suke tsakanin faɗuwa da faɗuwa. A kawo ra'ayin da sunan mai shi da shekararsa, a kawo martanin kusa da shi. Haka nan sunan likitan da ya fara cewa sammu ne: an saba rubuta William Griggs, amma Hale bai ambaci suna ba, masana ne suka ƙiyasta.

Wasu ƙananan abubuwa

Har zuwa 1752 Ingila da yankunanta suna fara shekara ne ranar 25 ga Maris. Saboda haka takardun Fabrairu da farkon Maris sukan ɗauki 1691 ko 1691/2. Wanda ya kwafa bai sani ba sai ya rubuta 29 ga Fabrairu 1691, ranar da a lissafinmu na yau babu ita, ya kuma sa kamu ya riga ciwon da shekara guda. Mu da muke fama da juya Hijiriyya zuwa Miladiyya bai kamata wannan ya kayar da mu ba. Ƙauyen Salem kuma dabam yake da garin Salem. Ƙauyen shi ake kira Danvers tun 1752. Babu hoton Abigail. Zanen da ake yawan liƙawa, irin na Tompkins Matteson na 1855, tunanin mai zane ne bayan shekara 163, kuma wajibi ne a rubuta haka a ƙarƙashinsa.

Kalmar maita ma tana buƙatar jimla guda ta bayani. A wajen Bahaushe maita aba ce da ake gado ko ake sha, maye yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum. A wajen mutanen Salem laifin shi ne ƙulla alkawari da Shaiɗan da sa hannu a littafinsa, shi ya sa littafi yake ta fitowa a bakin yaran. Inda muka yi tarayya da su shi ne hanyar tuhuma: marar lafiya ya ambaci suna cikin magagi, manya su tsaya a kansa suna tambaya wa ke kama ka, sunan da ya fito kuma sau da yawa na tsohuwa ne ko na wadda ba ta da gata.

Tubar Ann da ɓacewar Abigail

Wasu maƙalun sukan ce daga baya Abigail ta tuba. Sun rikita ta da Ann Putnam. Ann ce aka karanta takardar neman gafararta a cocin ƙauyen ranar 25 ga Agusta 1706, tana da shekara 26, a hannun sabon limami Joseph Green, tana tsaye a gaban jama'a. Ita kaɗai ce cikin yaran ta yi haka. A nan ma mai gyara ya kula da fi'ilin da yake sa wa. An sha rubuta cewa ta amsa ta yi ƙarya. Takardar ba ta ce haka ba. Ta yarda cewa waɗanda ta ambata ba su da laifi, ta nemi gafara musamman a kan Rebecca Nurse da 'yan'uwanta mata biyu, amma ta jingina abin ga ruɗin Shaiɗan, ta kuma ce ba da fushi ko ƙiyayya ta yi ba. Takarda ce ta neman shiga cikakken zumuncin coci, da limami ya duba kafin a karanta. Tarihin Ann yana da farko da ƙarshe: an haife ta a 1679, iyayenta duka biyu sun rasu a 1699 suka bar mata ƙanne, ta rasu a 1716 ba ta yi aure ba. Betty Parris ma an san ta yi aure a 1710, ta rasu a 1760.

Abigail kuwa sunanta ya yanke daga shaidun kotu bayan watan Yunin 1692, tun ana tsakiyar shari'a, kafin ratayar Yuli da Agusta da Satumba. Maƙalu suna ba ta ƙarshe iri biyu. Na farko, wai ta gudu Boston ta shiga karuwanci. Tushensa shi ne ɗan bayanin da Miller ya liƙa a ƙarshen wasansa, shi ma a matsayin ji-ta-ji-ta ya kawo shi. Wannan ƙazafi ne ga yarinya ƙarama, ya kamata a share shi daga jikin maƙala gaba ɗaya. Na biyu, wai ta rasu kafin 1697. Wannan ya samo asali ne daga yarinyar ƙwai da gilashi: Hale ya ce waccan ta ci gaba da shan azaba har ta mutu ba ta yi aure ba, shi kuma ya kammala littafinsa a 1697, ko da yake ba a buga shi ba sai 1702. Wasu masana suka ga Abigail ta dace da siffar tunda ta ɓace. Hasashe ne mai ma'ana, ana iya kawo shi da sharaɗin a ce hasashe ne, a kuma faɗa cewa Hale bai kama suna ba. Shawarar da na ba malamin da ya kawo mini tasa maƙalar ita ce ya cire shekarar rasuwa daga layin farko, ya rufe sashen rayuwarta da watan Yunin 1692, ya mayar da maganar Hale sakin layi na dabam a ƙarƙashinsa.